Amsoshin Tambayoyinku: Mawaƙan Bishara da Wikipedia

Wani mai sauraronmu daga Zuru, jihar Kebbi, yana tambaya: shin ƙungiyar mawaƙan bishara ta cocinsu, masu jita da ganguna, ta cancanci shafi a Wikipedia?

To malam, Wikipedia ba ruwanta da addinin mawaƙi ko zaƙin muryarsa. Shaida take nema: jaridu ko gidajen rediyon da ba su da alaƙa da ƙungiyar sun yi cikakken rahoto a kanta, fiye da sau ɗaya? Dubi Jeremiah Gyang na Jos: waƙarsa "Na Ba Ka" ta yi tashe a 2004, jaridu suka yi ta rubutu a kansa. Cika coci ranar Lahadi ko tarin mabiya a Facebook bai isa ba. Ku fara tattara rahotannin, da sunan jarida da kwanan wata.