Algaitar Sikotland a ɗakin motsa jiki

Mai ɗaga ƙarfe da ya gaji da kiɗan da aka saba sakawa zai iya gwada kiɗan rock na Keltik, wanda ke haɗa jita da ganga da algaitar Sikotland mai jakar iska.

Wajen gudu a kan inji, Dropkick Murphys, ƙungiyar da aka kafa a jihar Massachusetts ta Amurka a 1996, ta fi dacewa: waƙoƙinta gajeru ne, bugunsu da sauri. Red Hot Chilli Pipers ta Sikotland kuwa busa ta fi yawa a kiɗanta, don haka baitoci ba sa ɗauke hankali yayin ƙirgen ɗagawa.

Sai dai muryar algaitar tana da kaifi ƙwarai. Mai sa abin sauraro a kunne ya rage ƙara.