Man Kariya Daga Rana: Me Ke Cikinsa, Kuma Ya Dace Da Mai Juna Biyu?

Uwargida, idan kika ga baƙin tabo ya fito miki a kumatu, goshi ko saman leɓe bayan ciki ya kai wata huɗu ko biyar, kada ki tsorata. Sauyin sinadaran jiki ne ke kawo shi, zafin rana kuma yana ƙara masa duhu. Sau da yawa yakan dushe da kansa bayan haihuwa. Abin da likitan fata zai ba ki shawara a kai shi ne inuwa da man kariya daga rana. To, me ke cikin wannan man?

Ido ba ya iya gani, sai na'ura. A ɗakin gwaje-gwaje ana ɗiban man kaɗan, a narkar da shi a cikin wani ruwa na musamman, a tace, sannan a tura shi da ƙarfin famfo cikin siririn bututun ƙarfe da aka cika da gari mai laushi ƙwarai. Wani sinadarin yakan maƙale wa garin ya daɗe, wani kuma ya wuce da sauri, don haka kowanne yana fitowa a lokacinsa. Kamar dai ki ɗiga tawada a takarda, ruwa ya bi ta kanta, launuka su rarrabu. A bakin bututun akwai fitila mai auna abin da ya fito da yawansa. Wannan hanya ita ce kuromatogirafi, na'urar kuma ana kiranta HPLC. Jini da fitsari ma ana auna su da ita.

Da wannan hanya ce Hukumar Kula da Abinci da Magunguna ta Amurka ta gano, a shekarar 2019, cewa sinadarai huɗu na man rana suna ratsa fata su shiga jini. Mutum 24 aka gwada, suna shafawa sau huɗu a rana. A 2020 aka sake gwaji da mutum 48, aka ga haka a sinadarai shida. Wanda ya fi shiga jini shi ne oxybenzone. Hukumar ba ta ce suna cutarwa ba, cewa ta yi ana buƙatar ƙarin bincike. Amma mai ɗauke da ciki ba ta da dalilin jira, tunda akwai zaɓi.

Ki karanta bayan kwalba. Ki nemi wanda aka rubuta zinc oxide ko titanium dioxide, mai lambar SPF 30 ko fiye, da lambar rajistar NAFDAC. Waɗannan biyun a saman fata suke zama. Sukan bar ɗan fari-fari a baƙar fata, wannan ba laifi ba ne. Idan zabiya ce ke, shafa shi kullum wajibi ne, da ciki ko babu.

Babban haɗari a kasuwanninmu shi ne man bilicin, wanda wasu ke rugawa su saya don goge tabon. Na'urar HPLC takan tono hydroquinone da magunguna masu ƙarfi irin su clobetasol a cikin mayukan da ba a rubuta su a jikin kwalba ba, balle haɗin da ake sayarwa a roba babu suna. Hydroquinone yana shiga jini sosai ta fata. Ki ajiye shi. Maigida, kai ma kada ka sayo mata.

Jariri da bai kai wata shida ba, inuwa da tufafi masu rufe jiki sun ishe shi. Ranar awon ciki, ki zo da duk man da kike shafawa, ungozoma ko likita su duba miki.