Amsoshin Tambayoyinku: Me Ya Sa Ake Sayen Tsohuwar Bindiga da Tsada, Sannan a Ƙi Goge Ta?

TAMBAYA: Wani mai karatu daga Zariya ya rubuto cewa ya kalli wani shiri a talabijin, inda wani Ba'amurke ya zuba kuɗi masu kauri ya sayi wata siririyar bindiga da ta haura shekara 100. Ƙarfenta ya dushe, ƙotarta duk tabo, kuma an ce ɗan ƙaramin harsashi take ci. Da aka ba shi shawarar ya kai a goge ta ta koma sabuwa fil, sai ya ce sam, yin haka zai karya mata daraja. Mai tambayar yana son sanin amfanin tara irin waɗannan bindigogi, da kuma yadda gyara zai rage wa kaya kuɗi.

AMSA: Madalla da wannan tambaya, ɗana. Kowa ya san fenti yana ƙara wa tsohuwar mota farashi, don haka mamakinka yana kan hanya.

Mu fara da ita bindigar. Mafi yawan waɗanda ake kira masu ƙaramin harsashi su ne 'yan .22, wato faɗin ramin bututunsu kashi 22 cikin 100 na inci ne, kimanin milimita 5.6, bai kai kaurin fensir ba. Wani Bafaranshe, Louis-Nicolas Flobert, shi ya fara yin irin wannan harsashi a 1845 don harbin nishaɗi a cikin ɗaki. Kamfanin Smith & Wesson ya fito da gajerensa a 1857, sannan kamfanin Stevens ya fito da dogonsa a 1887, wanda har yau ake sayarwa. Sinadarin da ke tayar da wutar yana kewaye da gefen gindin kwanson ne, shi ya sa ƙera shi ba wuya, kuma yake da araha.

Arahar nan ce ta shigar da bindigar gidajen manoman Amurka. Da ita ake harbin zomo da kurege a sa a tukunya, da ita ake korar ɓeraye daga rumbu, kuma da ita uba ke koya wa ɗansa saiti. Stevens ya yi ƙanana musamman don samari, kamar wadda ake kira Favorite. Kamfanin Winchester kuwa ya fito da ƙirar 1890, zanen shahararren maƙerin nan John Browning, aka ƙera sama da 800,000. Ita ce ake ajiyewa a rumfunan wasa na bukukuwa, mutum ya biya 'yan kwabbai ya gwada hannunsa. A Ingila labarin daban ne. Yaƙin da suka yi da Turawan Boer a Afirka ta Kudu daga 1899 zuwa 1902 ya nuna musu cewa sojojinsu ba su kai abokan gaba iya saiti ba, sai wani babban hafsan sojansu, Lord Roberts, ya tsaya aka kafa ƙungiyoyin koyon harbi na farar hula, kamfanin BSA na Birmingham, wanda ya yi suna wajen kekuna da babura, ya riƙa ƙera musu bindigogin gasa.

To, dattijon da ke sayen irin wannan a yau, sau da yawa ƙuruciyarsa yake saye, ko ta kakansa. Wani kuma aikin hannun ne ke burge shi, don a wancan zamani daga curin ƙarfe ake sassaƙo yawancin ɓangarorin, a daidaita su da hannu, a yi ƙota da katakon walnat.

Abin da ya sa mai kyau take tsada shi ne yawancinsu sun lalace. Kayan aiki ne, kuma a hannun yara, ana jingine su bayan ƙofa ko a bar su a ɗakin dabbobi. Ga kuma wata ɓarna da ba a gani daga waje. Sinadarin tayar da wuta na da, idan ya ƙone, yana barin wani irin gishiri a cikin bututu, gishirin ya jawo laima, laima ta kawo tsatsa. Sai a 1927 kamfanin Remington ya fito da harsashin da ba ya barin wannan gishiri. Bindigar da aka yi ta harbawa kafin lokacin ba a wanke ta, tsatsa ta cinye layukan da ke murɗe a cikin bututunta, waɗanda su ne ke juya harsashi ya tafi sak. Saboda haka masani, kafin ya dubi komai, zai ɗaga ta ya leƙa ramin a gaban haske.

Yanzu ga gundarin tambayarka. Baƙin launin da ke jikin ƙarfen bindiga ba fenti ba ne. Wata irin tsatsa ce baƙa da ake jawowa da gangan a masana'anta, ta zama rigar da ke kare ƙarfen daga jar tsatsa mai ci. Da shekaru takan koɗe ta koma ruwan ƙasa. Mai son ya sabunta ta dole ya fara kankare ƙarfen da injin gogewa, kuma injin ba ya bambanta tsatsa da rubutu: sunan kamfani zai shafe, kusurwoyi masu kaifi su daddaƙushe, ramukan kusoshi su buɗe baki. Ƙota ma idan aka bi ta da samfefa sai ta rame, ƙarfen ya fi ta tudu a wurin da suka haɗu. Ka ɗauki tsohon takobin gidan sarauta a ce an kai wa maƙeri ya wasa shi har zanen jikinsa ya ɓace. Zai yi ƙyalli, amma da me za a gane na wane sarki ne? Mai tara bindigogi shaidar nan yake biya wa kuɗi, kuma idan ta tafi babu gwanin da zai dawo da ita.

Shi ya sa ƙwararru suka fi son adanawa a kan sabuntawa. Sukan shafa mai su bar shi ya jiƙa tsatsar, sannan su bi ta a hankali da sosan ƙarfe mafi laushi. Wasu kan dafa ƙarfen a tafasasshen ruwa, jar tsatsar ta rikiɗe ta koma baƙa. Inda katako ya lotsa, sai a ɗora jiƙaƙƙen ƙyalle a danna dutsen guga mai zafi, tururi ya taso da wurin, sannan a shafa man linsid da tafin hannu kaɗan-kaɗan. Ko sukurdireba ma sai wadda ta zauna daram a bakin kusa, don kusar da aka tauna wa kai tana tona asirin cewa ɗan koyo ya taɓa bindigar.

A ganina, akwai inda cikakken gyara ya dace. Bindigar da aka yi ta barkatai, wadda ta riga ta zama gwangwani, babu wani tarihi da za a ɓata a jikinta. Irin wannan akan rarake bututunta a zura sabon siriri a ciki, aikin da kamfanin Parker na Birmingham ya daɗe da shahara a kansa. Sharaɗin kawai shi ne a faɗa wa mai saye gaskiya. Masu son tabbaci kan rubuta wa gidan tarihin makamai da ke garin Cody a jihar Wyoming, inda ake ajiye da tsofaffin kundayen kamfanonin Winchester da Marlin, a duba lambar bindigar a gaya musu yadda ta fito daga masana'anta, in dai lambar na cikin kundin. Masu arahar da yawa ba su da lamba ko kaɗan, don sai a 1968 dokar Amurka ta wajabta sa ta.

Sai dai kada ƙanƙantar harsashin ta sa a ɗauke ta abin wasa. Yana kisa, kuma yana iya tafiyar fiye da kilomita ɗaya da rabi. An sha samun harsashi maƙale a cikin bindigar da ta shekara 50 a ajiye. Wasu tsofaffin kuma ba za su iya jure ƙarfin harsashin zamani ba, sai gwani ya duba su kafin a gwada.

Batun doka ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. A Amurka, wadda aka ƙera kafin 1899 dokar tarayya ta ɗauke ta kayan tarihi. A Ingila, mai 'yar .22 sai ya karɓi takardar izini daga 'yan sanda. A Najeriya kuwa, Dokar Makamai ta 1959 ta hana riƙe bindiga ba lasisi. Idan wani ya ci gadon irin wannan a cikin kayan kakansa, ya fara zuwa ofishin 'yan sanda a warware maganar takarda kafin ya nemi mai gyara.