Madubin Saiti Mai Araha da Abin da Ya Jawo a Fadama

Duk wanda ya san fadamar Hadejia, tun daga Kirikasamma zuwa Guri har a dangana da Nguru, ya san cewa bayan da aka gina madatsar ruwa ta Tiga a 1974, aka ƙara da ta Challawa a 1992, kacala ta sami wurin zama ta toshe magudanai, har ta kai mutum yana iya tsayawa a gaɓa alhali kwalekwalen masunci na kusa da shi bai sani ba. A irin wannan wuri ne al'amarin da ya hana ni barci ya auku, a hunturun da ya wuce.

Wani magidanci, manomin shinkafa mai hankali da natsuwa, ya gaji bindiga ƙirar .22 daga mahaifinsa, da lasisinta, kuma shekara da shekaru yana harbi da saitin ƙarfe ba tare da ya cuci kowa ba. Da ganinsa ya fara raguwa, sai ya sayo madubi a wata kasuwa a Kano, wanda aka rubuta wa 6-24x50 a jiki, a kan kuɗin da bai kai na buhun takin zamani ba, domin mai shagon ya tabbatar masa zai ga gashin tsuntsu ɗaya bayan ɗaya. Maimakon ya kawo wa ma'abota sana'ar gyaran bindiga, ya kai wa wani mai walda da ke da'awar gyaran bindiga, shi kuwa ya ɗaura masa a kan zobban da ba nasa ba, ya cusa robar taya inda suka yi sakwaf, ya karɓi ladansa, ko harsashi ɗaya bai gwada ba.

Bayan sallar asuba, cikin hazo, mutumin ya hango dinya a kan ruwa, ya murɗa madubin har ƙarshe, ya harba. Harsashin ya sauka nesa da tsuntsun, ya yi tsalle a kan ruwa, ya keta kacala, ya sami wani saurayi mai ɗaga gura a cinya. Allah ya yi da sauran kwana, amma yaron har yau yana ɗingishi, shi ne kuma mai ciyar da mahaifiyarsa. Da dattawan da suka shiga sulhu suka kawo mini bindigar in duba, na taɓa madubin da yatsa ya motsa, na leƙa na tarar da raɓa a cikin gilashin, zaren gicciyen kuma ya karkace. Mai bindigar yana hawaye ya ce mini, "Wallahi Baba, ban ga kowa ba." Na gaskata shi, domin mai duba ta ninki 24 tamkar mai leƙe ne ta cikin kara, ba ya ganin abin da ke dama da hagu, hasken da ke isa idonsa ma kimanin milimita 2 ne kacal.

Kada a sayi lamba, a sayi ƙarko. Kada a kai bindiga wurin mai walda. Kada a harba a kan ruwa.

Ba na zargin talaka don ya nemi mai sauƙin kuɗi, domin israfi ba addini ba ne, kuma madubi mai ninki 4 tsayayye, irin 4x32, ya wadatar da duk wata halattacciyar farauta a wannan ƙasa tamu, yana ba ido haske milimita 8, ba shi kuma da yawan abin motsi a ciki balle ya lalace. Wanda ya matsa, to ya tsaya a 3-9x40, ya bar shi a ƙaramin ninki. A nemi wanda aka cika da iskar naitirojin saboda raɓar fadama, a ware wa zobba kuɗinsu daban, a gwada saiti a yadi 50 gaban tudun ƙasa, a sake gwadawa duk lokacin da bindiga ta sha jijjigar babur. Mai bindiga mai ƙarfin shuri ya tabbata akwai inci 3 ko fiye tsakanin idonsa da gilashi. Amma madubin da ya haɗa babbar lamba da ƙaramin kuɗi algus ne tsantsa, kuma rashin madubi ya fi shi alheri nesa ba kusa ba.

Su kuwa masu karɓar aikin da ba su iya ba, su sani malamanmu na Malikiyya sun ɗora wa masu sana'a lamunin abin da ya ɓaci a hannunsu, balle a ce jinin Musulmi ne ya zuba ta sanadin gangancinsu. Robar taya a jikin bindiga! Ina ƙara faɗa, kada a harba a kan ruwa, domin harsashin .22 yana iya wuce kilomita ɗaya da rabi, kuma babu mai sanin wanda ke bayan kacala. Dajin Baturiya kuma, wanda aka sa cikin jerin dausayin Ramsar a 2008, an keɓe shi ne, ba wurin harbin tsuntsu ba ne ko da madubi ko babu.