Azarar Tsohon Soro: Ruwa Ke Buɗe Wa Gara Ƙofa

Ni kafinta ne, kuma yawancin aikina yanzu gyaran rufin tsofaffin gidaje ne a cikin birni: zaure, shigifa, soron da mai gida ya gada tun kaka da kakanni. Duk inda aka kira ni maganar ɗaya ce: "Malam, ai itacen ne ya tsufa." Idan na hau sama kuwa, abin da nake tararwa daban ne. Da wuya shekaru su kashe azara. Laima ce ke kashe ta.

Itacen da danshin cikinsa bai kai kashi 20 cikin 100 ba, ruɓa ba ta kama shi. Shi ya sa a Japan gine-ginen katako na wurin ibadar Horyu-ji suka haura shekara 1,300 suna tsaye. Namu magabatan ma sun iya zaɓe. Daga giginya ake tsaga azara, an fi son namijin da ya ƙosa, kuma baƙin gefen nan mai tauri ake nema, don farin tsakiyar laushi gare shi. Sai dai azara ba ta jure nauyi idan tazara ta wuce kamar ƙafa shida. Wannan ya sa magina suka fito da tauyi da bakan gizo da ɗaurin guga, a riƙa ɗora guntaye a kan juna ana binnewa cikin ƙasa har su haɗe a tsakiya. To ka ga ke nan mafi yawan itacen da ke riƙe da rufinka ba ka ganinsa. Yana cikin bango, kuma daga can ɓarna take farawa.

Ga yadda take tafiya. Ganye da leda da kashin tantabara su toshe indararo. Ruwa ya kwana a kan soro, ya sami 'yar tsaga a gindin rawani, ya tsatsa har kan azarar da ke cikin bango. Kan ya yi laushi. Gara, wadda a da ba ta iya cizon busasshiyar azara, ta biyo laima ta shigo. Daga ciki take ci, ta bar fatar waje sumul, har mai ɗaki ya rantse itacensa lafiya lau. Na sha sa ɗan yatsa a jikin azarar da ido ya ce sabuwa ce, yatsan ya nutse, jar ƙasa ta zubo mini a fuska.

Dubawa ba ta buƙatar kuɗi. Ka ƙwanƙwasa da ƙotar guduma: mai lafiya za ta amsa da ƙarfi, wadda aka cinye sai ta yi ƙara kamar ƙwaryar da babu komai ciki. Ka soka ƙusa daidai inda ta shiga bango, ba a tsakiya ba. Ka lura da siririyar hanyar ƙasa da ke hawa jikin bango, da garin itace a daɓe idan an tashi da safe. In kuwa shinge ya fito daga cikin ɗaki bayan ruwan farko, to gidan garar yana kusa ƙwarai.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne siminti. Mutum da kyakkyawar niyya zai shafe ginin ƙasa da filasta don ya huta da yaɓe. Siminti ba ya kama jikin ƙasa sosai. Rana ta buga, sanyi ya buga, ya tsage, ruwa ya shiga ta tsagar, kuma ba shi da hanyar fita. Makuba da laso da iyayenmu suka yi amfani da su suna tare ruwan sama, amma suna barin bango ya bushe. Idan muka ɓamɓare filasta, sau da yawa ƙasar bayanta a jiƙe take ko a tsakiyar rani, kawunan azara sun yi baƙi suna warin ruɓa. Haka silin da ake bugawa a ƙarƙashin tsohon rufi: ɗaki ya yi kyau, amma an rufe idon da zai ga yoyo. In dole sai an buga, a bar ƙofar leƙawa. Rufa kwano a kan soro ba laifi, muddin bakinsa ya zarce bango ya jefa ruwa nesa.

Shafa baƙin mai ba na ba da shawararsa a ɗakin kwana. Ba ya isa inda garar take, ga wari, ga haɗarin gobara. Maganin gara na gaskiya ma sai an toshe yoyo, itace ya bushe, sannan yake amfani.

In gyara ya kama, kada a yarda a kwashe rufi duka. A tokare, a sauya ɗaya bayan ɗaya, da busasshiyar azara. Farin katakon kasuwa damina kaɗan gara ke ba shi. Idan ka ji ana rushe tsohon gida a unguwarku, je ka sayi azarar da ta fito lafiya ka ajiye a inuwa, a ɗage ta daga ƙasa. Giginya sai ta yi shekaru masu yawa kafin ta ƙosa, ga shi tana ƙaranci.

Hasumiyar masallacin Agadas, da aka gina a 1515 aka sake gyarawa a 1844, itatuwan da suka leƙo daga jikinta su ne matakalar masu yaɓe. Tun ranar gini aka san za a riƙa komawa. Mu ma lokacinmu sananne ne: Afrilu zuwa farkon Mayu a hau soro, a share indararo, a cike tsaga, sannan a sake hawa bayan ruwa mai ƙarfi na farko a ga inda ya kwanta.

Rufin soro ƙasa ce mai nauyin gaske a kan mutane. Ba mu manta da watan Agusta na 2023 ba, lokacin da wani sashe na Masallacin Juma'a na Zariya, ginin Babban Gwani na wajen shekarun 1830, ya rufta ana sallar La'asar, aka rasa rayuka. Allah Ya jiƙan su. Don haka, 'yan uwa, idan rufi ya yi ciki, ko bakan gizo ya tsage, ko ƙasa na zubowa, ko ana jin itace na ƙara cikin dare, a fitar da yara da tsofaffi daga ɗakin a ranar, a kafa tokara, sannan a nemo maginin da ya san ginin ƙasa.