Bayan Guguwa Ta Wuce: Gargaɗi Ga 'Yan'uwanmu Mazauna Houston

Ƙanena, kai da ka zo Texas neman halal, saurara. Daga 1 ga Yuni zuwa 30 ga Nuwamba lokacin mahaukaciyar guguwa ne a gaɓar tekun nan. Guguwar Harvey ta nutsar da unguwanni a Agustan 2017, Beryl kuma ta bar gidaje da shaguna fiye da miliyan 2 babu wuta a tsakiyar zafin Yulin 2024. Mutane da dama sun tsira daga iskar, sai ganganci ya kashe su bayan gari ya lafa. Wasu sun rayu, amma sun rasa haƙƙinsu saboda ba su riƙe takarda ba. Hukumar birni da ta gunduma suna taimako, sai dai ba sa bin kowa gida suna roƙonsa ya karɓa.

ABIN DA ZA KA YI

Ɗauki hoton ɓarnar kafin ka taɓa komai: bango, shaidar inda ruwa ya tsaya, katifa, firij, mota. Abin da ba ka nuna ba, ba za a biya ka ba.

Kira kamfanin inshorarka a ranar. Layi yana tsawo kowace safiya.

Yi rajista da FEMA, hukumar agajin gaggawa ta tarayya, da zarar shugaban ƙasa ya ayyana gundumarka cikin yankin bala'i. Wa'adin kwana 60 ne a bisa al'ada, kuma rajistar kyauta ce.

Karanta wasiƙar da suka aiko maka har ƙarshe. A nan mutanenmu suka fi yin asara. Mutum ya ga an ce bai cancanta ba, sai ya ninke takardar ya ce haka Allah ya ƙaddara, alhali sau da yawa abin da ake nema shaidar zama a gidan ce kawai, ko takardar inshora. Kana da kwana 60 na ɗaukaka ƙara. Tawakkali bai hana ka kai takardar haya da ta kuɗin wuta ba.

Adana kowane rasit shekara 3. Ana iya dawowa a tambaye ka inda kuɗin tallafi ya shiga.

San lambar da za ka kira: 911 idan rai na cikin haɗari, 311 don ayyukan birni kamar bishiyar da ta tare hanya, 211 don neman abinci da matsuguni. Wanda ya cushe layin gaggawa da ƙorafin shara yana tare wa mai mutuwa hanya.

Tafasa ruwan famfo minti 2 idan hukuma ta ba da sanarwa. Ruwa mai haske ma yana ɗauke da cuta.

Fitar da jiƙaƙƙen kafet da katifa cikin kwana 2. Funfuna ba ta jira, kuma huhun yaranka za ta ci.

Ware tarkace a bakin titi: rassa daban, kayan gini daban, na'urori daban, fenti da batir daban. Motar kwasa kan wuce tulin da aka cakuɗa.

Leƙa tsofaffi da sababbin zuwa da ba su iya Turanci ba. Sanarwar da ba a fahimta ba, kamar ba a yi ta ba ne.

ABIN DA BA ZA KA YI BA

Kada ka kunna janareta a ɗaki, ko gareji, ko gindin taga, ko da ƙofa a buɗe take. Nisanta shi ƙafa 20 daga gida. Iskar da yake fitarwa ba ta da wari, ba ta da launi, barci take sa mutum ya zarce. Bayan guguwar Laura a 2020, mutum 5 'yan gida ɗaya suka mutu haka a Lake Charles ta jihar Louisiana, janaretansu na cikin gareji. Kada ka ce min ka saba da janareta tun a gida. Gidan Amurka a toshe yake ruf. Kurfoti da gawayi ma hukuncinsu ke nan.

Kada ka shiga ruwan da ya rufe titi da mota. Zurfin ƙafa 1 ya isa ya ɗauke ƙaramar mota.

Kada ka bar yara su yi wasa a ruwan ambaliya. Akwai najasa, da macizai, da jajayen tururuwa masu yawo a dunƙule.

Kada ka kusanci wayar wuta da ta faɗi. Shirunta ba ya nufin ta mutu.

Kada ka ci abin da ya wuce awa 4 a firij babu wuta. Asarar nama ta fi kwanciyar asibiti sauƙi.

Kada ka ba ɗan kwangilar da ya ƙwanƙwasa maka ƙofa kafin alƙalami, ko da ya gaishe ka da yarenku. Da yawa sukan kwashe kuɗin su ɓace, rufin na nan a yaye.

Kada ka ba kowa ko sisi da sunan FEMA. Jami'insu na ɗauke da katin shaida mai hoto, kuma ba ya karɓar kuɗi.

Kada ka fara babban gyara ba da izinin hukuma ba. A yankin ambaliya, idan kuɗin gyaran ya kai rabin darajar ginin, dole a ɗaga shi ko a sake shi bisa sabuwar ƙa'ida, kuma ana iya tsayar maka da aiki bayan ka kashe kuɗinka.

Kada ka ɗauka inshorar gida ta haɗa da ambaliya. Ita daban ake saye, kuma ta gwamnati kan jira kwana 30 kafin ta fara aiki.

Kada ka ƙara ko kujera ɗaya a kan abin da ka rasa. Ƙarya a fom ɗin tarayya laifi ne mai kai mutum kurkuku, kuma tana iya taɓa takardun zamanka.