Batirin Mota Mai Mutuwa Jefi-Jefi: Yadda Ake Gano Inda Wuta Ke Zurarewa

Masu tsofaffin motoci, irin su Peugeot 504 da aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975, sun san wannan matsala. Mota takan yi mako guda tana tashi lafiya lau, sai wata safiya a murɗa makulli a ji shiru. A kai ta wurin mai wayarin, ya duba ya ce bai ga komai ba. Da yawa sukan sayi sabon batir, bayan 'yan watanni shi ma ya bi sahu. Asarar ba ta kuɗi ba ce kaɗai, domin motar na iya ƙin tashi a daren da za a kai mara lafiya asibiti.

Yadda batir yake aiki

Wani Bafaranshe mai suna Gaston Planté ne ya ƙirƙiro batirin dalma da asid a 1859. Na mota yana da ɗakuna shida, kowanne yana ba da kimanin volt 2.1, jimla volt 12.6 idan ya cika. Ana iya kwatanta shi da randa, altaneta kuwa ita ce mai zuba ruwa muddin inji yana aiki. Idan aka wayi gari randa ba ruwa, ɗayan uku ne: ko randar ta tsage, ko ba a cika ta ba, ko wani yana ɗiba da dare.

Mita mai auna lantarki ce ke raba gardama. Bayan mota ta kwana, lafiyayyen batir zai nuna kusan volt 12.6, idan ya nuna 12.2, kimanin rabin cajinsa ya tafi. In an tayar da inji, ya kamata awon ya hau zuwa tsakanin 13.8 da 14.4, alamar altaneta tana caji. Sannan a cika batir, a cire masa waya, a bar shi kwana biyu. In ya riƙe cajinsa, to ba shi da laifi, ɓarawon yana jikin mota.

Ƙaramin ɓarawo, babbar ɓarna

Ko mota tana kashe, agogo da rediyo suna ɗan jan wuta, amma bai kamata ya wuce miliamfiya 50 ba. A ɗauki ƙwan fitilar but mai watt 5 wanda ya ƙi mutuwa. In aka raba 5 da 12, za a ga yana jan kimanin amfiya 0.4. Cikin awa 24 ya sha kusan amfiya-awa 10. Batir mai amfiya-awa 60 zai rasa rabin cajinsa cikin kwana uku. Kuma duk lokacin da batir ya sauka ƙasa ya daɗe a haka, wani farin gishiri na dalma yakan daskare a farantansa, ya rage masa ƙarfi har abada. Abin da ke kashe sabon batir ke nan.

Dalilin da ya sa matsalar take ɓuya

Abubuwan da ke jawo zurarar jefi-jefi sun dogara ne da yanayi. Rilai, wato makunnin da lantarki ke sarrafawa, yakan liƙe wani lokaci idan ya tsufa, ya bar wani sashe a kunne. Makunnin fitilar but ko na ƙofa yakan saki gwargwadon yadda aka rufe. Dayod ɗin altaneta, wanda aikinsa barin wuta ta bi hanya ɗaya tak, in ya fara lalacewa yakan bar ta ta koma baya. Wayar da robarta ta goge takan taɓa ƙarfen mota yau, gobe girgizar hanya ta raba su. Ƙura da asid da suka taru a saman batir kuwa sukan zama hanyar wuta idan laimar damina ta jiƙa su.

Matakan bincike

Na farko, a ajiye littafi, a riƙa rubuta awon batir dare da safe, tare da abin da ya faru a ranar: an yi ruwa, an buɗe but, an yi doguwar tafiya? Sau da yawa wannan rubutu ne ke nuna inda za a dosa.

Na biyu, a ranar da awon ya faɗi, a saita mita a kan amfiya 10, a haɗa ta tsakanin kan batir mai alamar (–) da wayarsa. A nan ake yawan kuskure. Dole a liƙa wayoyin mita kafin a zare wayar batir, domin in wuta ta yanke ko na daƙiƙa ɗaya ne, rilai da ya liƙe zai iya saki, shaida ta ɓace.

Na uku, a riƙa cire fis ɗaya bayan ɗaya ana duban mita. Wanda aka cire awon ya faɗi, a layinsa laifin yake. In an gama da su duka ba canji, sai a koma kan altaneta, da kuma rediyo ko ƙararrawar ɓarayi da aka ja wa waya kai tsaye daga batir. Rilai da aka taɓa aka ji shi da ɗumi alhali mota ta daɗe a kashe, shi ma abin zargi ne.

Gargaɗi

Kada a tayar da inji mita tana haɗe ta wannan hanya, domin tayar da inji yana jan fiye da amfiya 100, mitar za ta ƙone. Batir kuma yana fitar da iskar haidirojin mai kamawa da wuta, saboda haka a nisanta shi da sigari da tartsatsi.

Kammalawa

Darasin da ɗalibin kimiyya zai ɗauka shi ne, rashin ganin matsala a awo ɗaya ba ya nufin babu ita. Sai an maimaita awo, an rubuta, an kuma canza abu ɗaya kawai a kowane gwaji. Hausawa sun ce, rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Mai mita da littafi da haƙuri ba sai ya jira rana dubu ba.